Motar yankan ciyawa ta Turawa: tana iya aiki bisa tuddan Adar?

Bayanin yau ya taso ne daga tambayar wani ɗan uwanmu, ɗan ƙasar Keita da ke zaune Amurka. Ya turo muna hoto ta WhatsApp na wata ƴar mota mai taya huɗu da kujera ɗaya da sitiyari, kamar tarakta amma ba ta kai jaki tsawo ba. Can inda yake, da ita mutane ke yanke ciyawar ƙofar gidajensu suna zaune. Yana son ya sayi ɗaya ya aiko wa tsohonsa, don ya huta da lauje, in ta yiwu ma a ɗaura mata galma ta yi huɗa. Gonar tsohon tana gindin dutsi, rabinta gangare ne. Shi ne yake tambaya: ta yi, ko ba ta yi ba?

Niyyar mai kyau ce, Allah ya saka mashi da alheri. Kuma ba shi kaɗai ba ne: ƴan uwa da ke Faransa, da ƴan cin rani na Abijan da Libiya da Aljeriya, da yawa na tunanin wane inji za su saya wa gida. To amsar a taƙaice ita ce, wagga mota ba ta ƙasarmu ba ce. Amma ba mu son mu tsaya ga "a'a" kawai, tunda kuɗɗin da ake magana sun fi miliyan ɗaya na sefa. Sabuwa, ko mafi araha, tana kai wajen dalar Amurka 2,000, kafin a biya jirgin ruwa, da kamiyon da zai ɗauko ta daga tashar Lome, da duwan.

Mi aka ƙera ta ta yi?

Kamfanoni irin su John Deere da Husqvarna da Toro ke yin ta. Injinta na esansi ne, ƙarfin doki 15 zuwa 25 galibi. Ƙarƙashin cikinta akwai wani faranti mai faɗin mita ɗaya ko ɗan fiye, cikinsa wuƙaƙe biyu ko ukku na juyawa a kwance. Bakin wuƙar yana gudun da ya kai wajen kilomita 300 cikin awa. Aikinta ɗaya ne: aske ciyawa ɗanya, gajera, wadda ake ba ruwa, bisa fili mai laushi da aka tsince duwatsunsa tun da daɗewa. Tana barin ciyawar da tsawon santimita 3 zuwa 10, abin da ta yanke kuma ta daddatsa shi ƙanana ta watsar a ƙasa.

Kun ga matsalar farko ke nan. Mu nan ba don ado muke yankan ciyawa ba, don bisashe ne. Mai yankan kyasuwa ko burburwa ko gadagi yana son ta da tsawonta, ya ɗaure dami, ya ɗora bisa rumfa ta kai shi bazara. Gamba kuwa ta zana ce da jinka, in aka daddatsa ta an yi asara. Wagga mota in ta bi fili, abin da za ta bar maka gari ne da iska zai kwashe kafin la'asar.

Ta biyu, dutsi. Wanda ya san hanyar Keita zuwa Garhanga, ko gefen Allakaye da Tabotaki, ya san yadda tsakuwa da baƙin dutsi ke shimfiɗe bisa ƙasa. Wuƙar da ke irin wancan gudu in ta haɗu da dutsi, ko dai ta lanƙwashe, ko sandar da ke riƙe da ita ta karye, ko kuma ta harba dutsin waje kamar harsashi. Yaro na tsaye gefe yana kallo, shi ke nan an shiga ukku. Ga faranti kusa da ƙasa, kunya ɗaya ta huɗa ta ishe shi ya maƙale. Ga tayu masu taushi da aka yi don kar su ɓata ciyawar Bature. Ƙayar aduwa da ta magarya da tsidau ba za su bar su su yi sati ba.

Maganar galma kuma a manta da ita. Giyar mafi yawansu irin ta mai ce, mara nauyi, an yi ta ne ta ɗauki mutum ɗaya da ɗan amalanken shara. In aka tilasta mata jan ƙarfe cikin ƙasa, ko hawan tudu kullum cikin zafin watan Afrilu, man ciki ya yi zafi, ƙarfinta ya mutu, kuma gyaranta ba na bakin kasuwa ba ne.

Yadda za ka auna gangaren gonarka

Nan ne muke son a buɗe kunne, don wanga bai tsaya ga motar ciyawa ba, ya shafi duk wani inji da mutum ke hawa.

Su kansu masu ƙera motar, cikin littafin da ke zuwa da ita, sun rubuta kar a hau da ita gangaren da ya wuce digiri 15, wasu ma sun tsaya ƙasa da haka. To ƙaƙa manomi zai san digiri 15? Abu ne mai sauƙi. Samu sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita 2. Aza kanta ɗaya bisa ƙasa ta wajen tudu, ka miƙa ɗayan kan ta wajen gangare, ka ɗaga shi har sandar ta kwanta daidai. Don ka tabbata ta daidaita, ɗora kwalbar ruwa a kwance bisa sandar, wadda ba ta cika sosai ba. In kumfar iskar ta tsaya tsakiya, to ta yi. Sai ka auna daga bakin sandar da ke sama zuwa ƙasa. In ka samu santimita 17 ko 18, gangaren digiri 5 ne. Santimita 35, digiri 10. Santimita 54, wato kamu ɗaya da ɗan ɗori, ka kai digiri 15. Daga nan duk injin da ake zama bisansa ya zama abin tsoro.

Kar a auna wuri ɗaya a ce an gama. A auna inda ya fi tsanani, da bakin ƙorama, da inda ruwa ya fara cin ƙasa. Inji ba ya kifewa a tsakiyar gona inda ke lafiya lau. Yana kifewa ne inda tayar sama ta taka dutsi, ko ta ƙasa ta faɗa rami, ko bakin kwazazzabo ya rufta da nauyinsa.

Ga kuma wani rikici da masu saida inji ba su cika faɗi ba. Ka'idar tsaron rai ta ce, mai tuƙa inji a gangare ya hau tsaye ya sauko tsaye, kar ya ratsa a gicciye, don a gicciye ne ake kifewa. Ka'idar tsaron ƙasa kuwa, wadda kowane malamin gona ya koya muna, ta ce a yi huɗa a gicciye, don kunya ta tare ruwa. In ka yi huɗa daga sama zuwa ƙasa, kowace kunya ta zama hanyar ruwa, damana biyu ta isa ta buɗe maka ƙorama tsakiyar gona. Ke nan a gangare mai tsanani, ko dai ka sa ran direba cikin haɗari, ko ka sa gonar. Inda ka'idojin biyu ke haɗuwa shi ne gangare mai sauƙi, wanda inji zai ratsa a gicciye ba tare da ya karkata ba.

Abin da furojen Keita ya riga ya nuna

Ba yau muka fara ganin inji bisa duwatsun nan ba. Dattawa na tune da 1984, shekarar fari, lokacin da furojen Keita ya fara aiki da kuɗɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, PAM na bada cimaka ga ma'aikata. Sunan Renato Carucci har yau ba baƙo ba ne a Keita. Cikin wajen shekara 20 an farfaɗo da fiye da eka dubu 30 na ƙasar da ta mutu, an dasa itatuwa kusan miliyan 18, ban da madatsun ruwa da hanyoyi.

Furojen yana da manyan taraktoci da katafila da kamiyoyi. Amma a tuna inda aka sa su. Bisa shimfiɗaɗɗen saman dutsi da fako, inda ƙasa ta daskare kamar siminti, nan tarakta ta ja ƙarfe ta tsaga ƙasa, aka tada kunyoyin tare ruwa, mutane suka bi suka jera masu dutsi. Kamiyo ya yi jigilar duwatsu. Amma jikin dutsin kansa, wato gangaren, da hannu aka yi shi: ramuka masu tsawon wajen mita 3 a gicciye, da diga da shebur, kowane rami da iccensa. Kuma mafi yawan masu wanga aiki mata ne, iyayenmu da kakanninmu, tunda maza sun tafi cin rani. Furojen da ke da kuɗɗin Turai da injiniyoyi da garejinsa bai ga dalilin hawa da tarakta jikin dutsi ba.

Akwai wata babbar galma da wani Ba'italiye mai suna Vallerani ya ƙirƙiro, ana ce mata Delfino, wadda ke gina rabin wata da kanta tana tafiya, eka da yawa a yini. Ita ma sai da ƙatuwar tarakta, kuma aikinta bisa fako ne da gangare mai sauƙi. Wannan kayan gwamnati ne da furoje, ba na mutum ɗaya ba.

Wani abin lura: gonaki da yawa na Keita da Bouza yanzu cike suke da aikin da aka sha wahala aka yi. Ga gandari na jerin duwatsu, ga tassa, ga rabin wata, ga ƴan itatuwan sassaben zamani da aka bari suna tasowa. Direban da aka biya kuɗɗin eka yana sauri ne, ba ruwansa da rabin watanka. In ka kira tarakta, ka tsaya kanta, ka nuna mashi inda zai bi da inda zai kauce. A kwarin Majiya ma, inda aka fara dasa layukan bedi na tare iska tun 1975 da taimakon CARE, a bar tazara tsakanin galma da gindin itatuwan.

To wane inji ya dace, kuma ina?

Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Mutum ɗaya na iya samun gona a jigawa, wata a gangare, ga kuma garka a fadama.

A fadama, wajen Tamaske da Ibohamane, da kwarin Tarka na ƙasar Madaoua, inda ake albasa da tumatir da sauran noman rani, injin da ya nuna amfaninsa shi ne ƙaramar motar noma mai taya biyu da ake bi a ƙafa, wadda muke ce ma motokiltar. Mafi yawa ƴan Sin ne, injin gazuwal mai silinda ɗaya, ƙarfin doki 8 zuwa 18. Laka mai tauri da ke cinye wa magidanci kwanaki da kalme, ita tana fasa ta cikin awoyi. Abin da ya ƙara mata daraja shi ne ba ta zama banza bayan huɗa: da bel ana haɗa injinta da famfon ban ruwa ko injin niƙa, a ɗaura mata tirela ta kai buhunan albasa bakin hanya. Kuma irin injinta ɗaya ne da na masu niƙa, ke nan makaniken garinku ya san cikinsa.

Amma ita ma tana da inda ba ta so. A jigawa, wuƙaƙenta masu juyawa suna maida ƙasa gari, iskar farkon damana ta kwashe. Nan haiwa da galmar shanu sun fi ta tausayin gona. A wurin duwatsu haƙoranta na karyewa.

Ga kuma babban haɗarinta, wanda ya kamata duk mai ita ya sani kafin ya ɗaura tirela. Motokiltar ba ta da sitiyari. Hannu biyu gare ta na juyawa, ɗaya hagu ɗaya dama. In ka matsa na hagu, tayar hagu ta rabu da inji, ta dama ta ci gaba da turawa, sai motar ta karkata hagu. Haka yake a fili. Amma in kana gangarowa da kaya, nauyi ne ke tura motar, inji kuma shi ke riƙe ta. Ka matsa hannun hagu, tayar hagu ta kuɓuce daga riƙon inji ta ruga da gudu, sai motar ta juya dama. Wato a gangare abin yana juyewa. Sabon direba ya ga kwana, ya matsa hannun da ya saba, sai ya tsinci kansa cikin rami da tirela bisa kai. Masu gwaninta in suna gangara ba su taɓa waɗannan hannuwa, da ƙarfin damtse suke karkata ta. A sa ƙaramar giya tun daga sama, kar a canza giya a tsakiyar gangare, kar a kuskura a sa ta furi don tsimin gazuwal. Kuma tirelar da ba ta da birkinta na kanta, kar a hau da ita dutsi. Ranar kasuwa muna ganin mata da yara zaune bisa buhuna ana gangarowa da su. Don Allah a sauke su su taka, in an kai ƙasa su hau.

Ga mai son yankan ciyawa a gangare, in har sai da inji, akwai wanda ake ratayawa a kafaɗa, doguwar sanda da wuƙa a bakinta. Shi yana kada ciyawa da tsawonta kamar lauje, kuma duk inda ƙafar mutum ta iya tsayawa yana aiki. Kuɗɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da waccan mota. Mafi yawansu ana gauraya masu esansi da man inji na musamman. Wasu na son kashi 1 na mai cikin 50 na esansi, wato mililita 20 a lita ɗaya, wasu sun fi haka, sai a bi abin da aka rubuta jikinsa. In aka zuba esansi zalla, injin ya ƙone cikin ɗan lokaci. Mai aiki da shi ya sa tabarau da takalmi rufaffe, jama'a su ba shi tazarar mita 15. Ya kula da ƴan itatuwa masu tasowa cikin ciyawa. In ciyawa ta bushe ƙarau kuma a ajiye shi, don wuƙa in ta daki dutsi tana fidda tartsatsi, mu kuwa mun san abin da wutar daji ke yi wa makiyaya.

In kuma damuwar ɗan uwanmu abincin bisashe ce, a ganinmu injin niƙan kara ya fi duk waɗannan. Karan dawa da na hatsi in aka zuba su haka nan, dabba na cin ganye ta bar sanda. In aka niƙa aka haɗa da harawa da dusa da ɗan gishiri, kusan duka take cinyewa. Shi wuri ɗaya yake zaune, babu ruwansa da gangare, kuma maƙwabta za su kawo nasu su biya.

Ga wanda ƙarfinsa ya kai tarakta sosai, abu biyu. Na farko, ya nemi mai ƙarfen kariya bisa kan direba, da ɗamarar kujera, kuma kar makanike ya cire shi wai yana tsare hanya. Ƙasar Suwidin ta wajabta wanga ƙarfe ga sababbin taraktoci tun 1959, mutuwar kifewa ta ragu ƙwarai da gaske. A Amurka har yau kifewar tarakta na sahun gaba cikin abin da ke kashe manoma a bakin aiki. Na biyu, in za a ja kaya ko a tumɓuke kututture, a ɗaura sarƙa ga ƙarfen ja na ƙasa. In aka ɗaura sama da gatarin tayun baya, gaban tarakta na tashi ta kife ta baya cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba, direba bai ko kai ga taka kulochi ba.

Kafin a turo kuɗɗi

Ƴan uwa na waje, ingancin inji a nan ba sunan kamfani ba ne. Inji mai kyau shi ne wanda in ya lalace ranar Talata, ranar Alhamis ya koma aiki. Kowane gari na Adar yana da gawar wani inji da aka aiko da zumuɗi, yana kwance bayan ɗaki kaji na ƙwai ƙarƙashinsa, don an rasa bel ɗaya ko ɗan ƙarfe kamar yatsa. Saboda haka a fara daga kayan gyara: abin da ake samu a kasuwar Tahoua, ko Ƙonni, ko Maraɗi, ko a tsallaka Sakkwato da Kano. A tafi da makaniken da zai riƙa gyaran tun ranar saye, shi ya tada injin ya saurare shi.

A duba matatar iska, don ƙurar hunturu ita ke cinye cikin inji a hankali. Mai wankan mai ta fi dacewa da mu, tunda ana wanke ta a maida. A tambaya ƙaƙa man inji ke zagayawa: akwai ƙananan injuna da mai ke fantsama kawai daga ƙasa, in suka daɗe a karkace sai wani gefe ya bushe; mai famfon mai da matata ya fi jure gangare. Esansi ko gazuwal na kwalba a tace shi kafin a zuba. A ware wani abu cikin kuɗɗin, a ajiye don mai da bel da gyaran shekarar farko, don tsoho ba zai saida akuyarsa ya ciyar da inji ba.

A yi lissafin kwana nawa injin zai yi aiki a shekara. In gonar gida kaɗai zai yi, sati ɗaya ya gama, sauran shekarar duka yana tsatsa. In ƴan uwa ko ƙungiyar manoma suka haɗa hannu, aka sa yaro ɗaya mai hankali ya koyi tuƙi da kula, ana haya ga maƙwabta, to yana iya maida kuɗɗinsa. Malaman gona na gunduma da na zauren manoma na jihar Tahoua suna bada shawara kan wanga.

Shi kuwa ɗan uwanmu mai tambaya, mun ce ya sa ƙanensa ya ɗauki sanda da kwalba ya auna gonar wuri ukku ya turo mashi. In rabin sama ya wuce kamu ɗaya, wurin na gandari ne da tassa da itatuwa, kuɗɗin ƴan ƙwadago da na jigilar dutsi da taki shi zai aiko. Kuɗɗin waccan mota kuwa sun isa amalanke mai kyau, irin wanda ACREMA ta Tahoua da maƙeran gida ke ƙerawa, da shanun huɗa biyu da galmarsu, har a yi canji. In tsohon yana da garka a fadama, sai a zauna a yi maganar motokiltar.